Dunduniyar Mas'udu

A gidanmu ba a kwana da busasshiyar ƙafa. Haka na taras, haka kuma na riƙe. Mu fatake ne masu jakai. Daga tungarmu da ke bayan Bungudu muke ɗaukar taba da albasa mu kai Gusau, mu wuce Tsafe, mu komo da kanwa da gishiri. Mai wannan sana'a in ƙafarsa ta lalace, abincin gidansa ne ya lalace. Shi ya sa da an gama girbi sanyi ya fara sauka, ubana yakan sa a ɗora ruwa da yamma, kowa ya jiƙa ƙafarsa, ya goge kaushi da dutse, ya shafe ta da man kaɗe har tsakanin yatsu, sannan ya sa takalmi. Maƙwabta suna yi mana dariya, wai a gidanmu maza ma gyaran amare suke yi. Amma har ubana ya koma ga Allah ban taɓa ganin faso a dunduniyarsa ba.

Sunana Labbo. Ɗana Mas'udu shi kaɗai ne namijin da ya rayu mini. A lokacin da nake ba da labari ya zama saurayi, yana ɗora wa jaki mangala shi kaɗai, ya san inda ake tsallake gulbi da inda ba a tsallakewa.

Da aikin hanyar jirgin ƙasa ya taso daga wajen Zariya ya nufo Tsafe, sai aka shiga ɗibar samari ƙauye-ƙauye ana kai su haƙa da ɗaukar ƙasa, ko suna so ko ba sa so. Ɗiban farko ya same mu muna kan hanya ni da Mas'udu, sai labari muka taras. An jera samari an duba su kamar yadda muke duba jaki a kasuwa: a buɗe ido, a taɓa kafaɗa, a ce ɗaga ƙafa. An tafi da wasu, an bar wani mai suna Tambaya saboda dunduniyarsa ta tsage tana jini. Daga baya aka ji shi ya yi wa kansa. Yakan shiga gulbi da sassafe ya tsaya har ƙafa ta mutu da sanyi, ya fito ya shafa toka, ya zauna a iska. Da ya ga tsagar ba ta yi zurfi ba, ya taimaka mata da aska.

Mutane suka ce Tambaya ya yi dabara. Ni kuwa na ga abin da ya biyo baya. Ƙafar ta kumbura har ƙauri, ta yi ruwa, wanzami ya yi ta yankar ruɓaɓɓen nama. Rai ya tsira, dunduniya ba ta tsira ba. Tun daga nan sanda ce ƙafarsa ta biyu, aikinsa tufka igiya a ƙofar masallaci.

Da sanyi ya zagayo, sai mai unguwarmu Sahabi ya tara magidanta a gindin durumi bayan la'asar. Tare muka yi karatun allo da shi, tare aka yi mana kaciya, don haka ba ma ɓoye wa juna magana.

Ya ce, "Jama'a, kun dai ji. Za a sake zuwa ɗiba kafin watan ga shi mutu. Ni ba ni da bakin hanawa. Amma wanda ba shi iya taka ƙasa ba a tafiya da shi. Kowane gida a ɗauke mai, a ɗauke takalmi. Samari su san hanyar gulbi. In sunka zo sunka ga tungar ga duk guragu, sa wuce gaba."

Kowa ya gyaɗa kai. Ni kuwa na buɗe baki.

"Mai unguwa, ban da gidana."

"Labbo, don Allah zauna. Kai ba a taɓa yin abu da kai a tafi daidai ba."

"A zaune nake. Na ce ban da gidana."

"In sunka ga ƙafar ɗanka sumul kamar ta jinjiri, mi za su ce da namu? Cewa za su yi da gangan munka yi."

"To da mi kunka yi?"

Wani ya tuntsire da dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya haɗiye abarsa.

Sahabi ya ce, "Wato ka fi son a tafi da shi."

"Ba ni so. Amma aikin nan shina da ranar ƙarewa. Ga Tambaya nan zaune, shi faɗa muku ranar da tashi ƙafar za ta komo."

Tambaya bai ɗago daga igiyarsa ba. Ya ce, "Ni dai ga ni gida, Labbo. Ina jin kiran salla, ina cin tuwon uwata. Cikin waɗanda anka kai bara daga ƙauyen gaba, akwai waɗanda ko rigarsu ba ta komo ba."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na tashi na kaɗe rigata, na ce, "Duk da haka, ban da gidana."

Da na shiga gida na ce a ɗora ruwan ƙafa. Hanatu, uwar Mas'udu, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba itace."

"Ga itace can jingine da rumbu."

"To ba mai."

"Tandun da na cika ranar kasuwa fa?"

"Ɓera ya sha."

"Ɓeran har da tandun ya haɗiye?"

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Malam, maza uku na rasa kafin yaron ga. In gurgu ne, ina ganin shi a tsakar gida, in dama fura in ba shi. In anka kai shi Tsafe ƙasa ta rufta mishi, ƙafar tashi mai kyau za a aiko mini a ƙwarya?"

Ban yi mata faɗa ba. Abin da take tsoro shi nake tsoro, hanyarmu ce ta bambanta. Na fita wurin jakai. Akwai curin man kaɗe da nake ajiyewa cikin mangala don gyambon bayan jaki, na gutsuro na kai wa Mas'udu a zaure inda yake kwana.

"Safe da yamma. Kuma kada in ga ka fita ba takalmi."

"To, Baba."

Kwanaki suka ɗan wuce yana ce mini to. Curin mai yana raguwa, na ɗan sami natsuwa. Sai wata rana yana ɗebo wa jakai ruwa na ga yana taka ƙafar hagu da yatsu, dunduniya ba ta sauka. Wanda ya shekara da shekaru yana bin bayan dabba ba ya rasa ganin irin wannan. Washegari da aka idar da asuba ban zauna lazimi ba, na nufi gulbi.

Ga samarin nan a jere cikin ruwa har idon sawu, sun rungume hannuwa suna karkarwa, haƙora na haɗuwa. A bakin gaɓa ga ƙwaryar toka. Takalman Mas'udu suna rataye a reshe. Wani ɗan maƙwabcinmu mai suna Sabiru, wanda bakinsa ya fi jikinsa girma, shi ya fara hango ni.

"Kai jama'a, ga Baba Labbo ya kawo wa amarya lalle!"

Suka yi dariya da leɓɓa a bushe. Ban dubi kowa ba sai nawa.

"Fito."

Ya fito. Muka taho gida, yana gaba yana ɗingishi, ina baya riƙe da takalmansa. A zaure na ce ya zauna ya ɗaga ƙafar. Ta dama kaushi ne kawai da ƙananan tsaga. Ta hagu kuwa ta buɗe baki, ana ganin jan nama a ciki, gefen ya fara ɗaukar zafi.

"Sanyi ba ya yin wannan shi kaɗai. Aska ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Sabiru ya ɗan taɓa mini."

"Man da nake ba ka fa?"

"Jaki nake shafa wa."

Na ji kamar in mare shi. Sai ya ce, a hankali, "Baba, tsoro nake ji. An ce can mutum shina ɗaukar kwandon tsakuwa tun fitowar rana har faɗuwarta. An ce tari shina kashe mutane. Kuma ko'ina na bi a garin ga sai a ce ga amarya, ga wanda ubanshi ke son a tafi da shi."

Na ce, "Ni ma tsoro nake ji, ya fi naka. Zauna nan."

Na shiga gida na hura wuta da kaina, na ɗora ruwa. Na dawo da kasko na ajiye gabansa, na naɗe hannun riga, na durƙusa.

A wurinmu uba ba ya cin abinci ƙwarya ɗaya da ɗansa saurayi, ba ya yaba shi gaban mutane, balle ya durƙusa a gabansa. Ɗa ne ke durƙusa wa uba. Mas'udu ya janye ƙafa kamar wuta ta taɓa shi.

"Subhanallahi! Baba, tashi. Wallahi ni zan yi."

"Ka yi naka na gani. Miƙo."

Na riƙe idon sawunsa na tsoma. Na bari fata ta yi laushi, na goge kaushin gefe da dutse ban taɓa bakin ciwon ba. Na matse abin da ya taru a ciki, ya ciji hannun rigarsa. Na narka mai a sakainar tukunya kan garwashi, na jira ya huce daidai yadda yatsa zai jure, na ɗiga cikin tsagar har ta cika. Ina neman abin da zan barbaɗa sai na ga an turo ƙoƙo ta ƙofar cikin gida, da dakakkiyar bagaruwa a ciki. Muryar Hanatu ta biyo baya.

"Ba don kai na daka ba. Na ce shi tsage, ban ce shi ruɓe ba."

Na barbaɗa, na ɗaure da tsumma mai tsabta, na sa masa takalmi da hannuna.

Zaurenmu a bakin hanya yake, kuma ban sa asabari ba. Kafin azahar duk tunga ta ji Labbo yana wanke wa ɗansa ƙafa a durƙushe. Ban fasa ba. Safe da yamma nake yi, wanda zai leƙa ya leƙa. Yara suka sa mini suna ungozomar ƙafa. Da daddare magidanta sukan fito da tuwonsu ƙofar masallaci a ci tare, sai na ga in na ajiye akushina ana matsawa. Na koma ci a gida. Sahabi ya zo da kansa wata safiya, ya tsaya a ƙofa yana kallona da ƙafar yaro a cinyata.

"Labbo, ka zubar da girmanka a gaban ɗan cikinka."

"Girman nawa ne, mai unguwa."

"Ranar da anka ɗaure shi da igiya kada ka zo mini da kuka."

"Ko na yi kuka ba a ƙofarka zan yi ba. Matsa, ka tare mini haske."

Ƙarfin hali ne kawai na yi. Dare da yawa nakan kwanta ina cewa ko dai su ne da gaskiya. Da safe in na kwance tsumma na ga bakin ciwon yana haɗewa, sai in ce a'a.

Ranar ɗiba suka iso da hantsi: dogarai biyu da helma, wato shugaban leburorin aikin, wani dogon Bazazzage mai bulalar dorina a hammata. Aka jera samari a gindin durumi. Yana bi yana cewa ɗaga, yana dariya.

"Kai! Wannan faso tun daga Funtuwa yake bina. Kowane gari ciwo iri ɗaya, toka iri ɗaya. Ku ba ku da wata dabarar ne?"

Yakan danna tsagar da babban yatsa. In ruwa ya fito ya ture mai ita gefe, in bai fito ba ya ce a tsaya can. Sabiru yana cikin waɗanda aka ture, don nasa ya riga ya yi ɗoyi. Uwarsa ta rangaɗa guɗa daga bayan darni. Da helma ya zo kan Mas'udu ya ɗaga ƙafar dama, ya shafa, ya ɗaga ta hagu ya ga sabuwar fata ta rufe tsagar. Ya ɗago yana duban jama'a.

"Wannan ɗan waye?"

Na fito. "Nawa ne."

"Kai kaɗai ne ba ka son ɗanka a garin nan?"

Aka yi wata irin dariya marar daɗi. Na ce, "Da ƙafa biyu na ba ka shi. Da biyu za ka maido mini."

"Ka ba ni? Ɗauka na yi, tsoho."

"To da biyu ka ɗauka. Ga mutane nan sun gani."

Aka tafi da shi da wasu 'yan kaɗan. Na shiga gida na fara ɗaure wa jaki kaya. Hanatu ta fito idonta jawur, ta jefo tandun da ɓera ya haɗiye, ya faɗi gaban ƙafata a cike.

"Ga abinka. In ka komo ba shi, kada ka yi sallama."

Na bi su a baya, nesa kaɗan yadda dogarai ba za su kore ni ba. Muka kwana Gusau, muka kama hanyar Tsafe. Wannan hanya duwatsu ne da tsakuwa, kuma ana korar su da sauri. Kafin mu wuce gindin dutsen Kwatarkwashi na ga dunduniyar hagu ta daina sauka. Sabuwar fatar ta sake buɗewa.

Sansanin aikin yana kusa da Kucheri, bukkokin kara ne a jere. Ba a yarda dangi su shiga ba. Na ɗaure jakina a gindin wata tsamiya daga waje, ina sayar wa masu dafa abinci 'yar taba don a ce ciniki ya zaunar da ni. Abin da aka faɗa wa Mas'udu gaskiya ne. Da an busa usur za su ɗauki kwanduna, su yi ta hawa da sauka kan fasasshen dutse har rana ta faɗi. Waɗanda suka zo da faso daga gida su suka fi shan wuya, ina ganin sawunsu da jini a kan turba. Mas'udu yakan zo tsamiyar kafin usur na safe da bayan na yamma. In wanke, in cika, in ɗaure. Da rana aikin ya buɗe abin da na rufe, da yamma in sake rufewa. A hankali nawa ya fara rinjaye.

Wata safiya aka busa usur tun kafin lokaci, wai Bature zai zo duba aiki. Na gama da ta dama, ta hagu tana cinyata a buɗe, mai yana kan garwashi bai gama narkewa ba. Aka jera mutane, helma ya ga gurbi, ya nufo tsamiya.

"Kai ne kuma? Tashi, sake shi!"

"Saura kaɗan."

"Na ce tashi!"

"Na ji ka. Saura kaɗan."

Bulalar ta sauka a gadon bayana. Ban taɓa sanin dorina haka take ba, sai da numfashina ya ɗauke. Mas'udu ya yunƙura zai miƙe, na ga yadda ya dunƙule hannu. Na damƙe idon sawunsa da ƙarfina duka.

"Zauna! In ka taka yanzu ƙasa ta shiga."

Na ɗauko sakainar na ɗiga mai. Bulala ta biyu ta sauka, rabin man ya zube a hannuna, sauran ya shiga inda nake so. Na barbaɗa bagaruwa. Ta uku ta same ni ina zagaya tsumma. Daga cikin layi wani ya ɗaga murya, "Haba helma, uba ne fa!" Wani ya karɓa, gunaguni ya tashi. Na ƙulla, na gwada ƙullin da yatsa, na sa masa takalmi.

"Na gama. Ga shi nan."

Helma yana huci. Ya shure sakainar ta fashe. Ya dubi layi, ya dube ni, ya rage murya.

"Kai bayanka ba ya jin bulala, na gani. To in na sake ganinka kusa da nan, a bayan ɗanka zan sauke ta. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Wannan kam na ji. Na ɗauki tandun na sa wa Mas'udu a hannu. Idonsa yana kan rigata inda jini ya fara fitowa.

Na ce, "Ba nan za ka duba ba. Safe da yamma. Ko tuwo ya wuce ka, wannan kada shi wuce ka."

Ya ce, "Ko an hana ni barci, Baba."

Ban koma gida ba. Na sauka Gusau a zauren fatomana, mai masaukin da na saba sauka wurinsa, ina ɗan kai kaya ƙauyukan kusa, Wanke da makamantansu, don kada in zauna tunani ya cinye ni. Akwai wata tsohuwa mai kai fura sansanin, Inno, ita nake ba curin mai da bagaruwa ta kai. In ta dawo in tare ta.

"Kin gan shi? Yaya yake takawa?"

"Malam, samari ɗari a wurin, duk ƙasa ta rufe su. Ni fuska nake kallo, ba ƙafa ba."

"To gobe ki kalli ƙafa."

"Gobe kai ka ɗauki ƙwaryar ka tafi."

Duk ranar da aka ce an sallamo wasu, nakan je bakin hanyar Tsafe in tsaya. Na ga masu sanda, na ga wanda aka ɗauko a kan jaki, na ga masu tari. In tambaya, wani ya ce ya san shi, wani ya ce bai sani ba. Wani ya ce ai an binne wani ɗan Bungudu, da na matsa sai ya ce ko ɗan Maru ne. Ranar ban iya shan ko ruwa ba.

Sai da sanyi ya wuce zafi ya kama, aka fara sharar gona, sannan aka sallami na wajenmu. Ina tsaye a inda na saba sai ga su tafe. Ban gane shi ba sai da ya durƙusa a gabana. Ya rame, wuya ya yi tsawo, tsakiyar kansa gashi ya cinye saboda kwando.

"Baba, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Aiki ya ƙare."

"Madalla. Tashi mu tafi."

Iyakar abin da na iya faɗa ke nan, mutane na kallo. A hanya ya gaya mini ɗaya daga cikin 'yan tungarmu bai taso ba, tari ya kwantar da shi tun tsakiyar sanyi. Muka yi masa addu'a muna tafiya. Na kuma ji daga baya cewa Sabiru ya warke sarai, har an sa masa rana. Allah ya kiyaye shi, na yi wa uwarsa murna. Wannan bai sa na ga sun yi daidai ba.

Da muka sauka yashin gulbi kusa da Bungudu, Mas'udu ya cire takalma ya rataya a wuya don tsallake ruwa. Na ja baya na bar shi gaba. Yashin da ɗanshi, kowane sawu yana fita sarai. Na sunkuya ina bi. Dama ta nutse, hagu ta nutse, zurfinsu ɗaya. Na ci gaba da bi ko zan ga inda hagun ta yi sauƙi, ban gani ba.

Ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "Baba, in dubawa kake so, ka ce in ɗaga."

"Wa ya ce dubawa nake? Jaki nake kora."

"Jakin shina bayanka, Baba."

Ya dafa kafaɗar jakin da ya iso, ya ɗaga ƙafar. Tabon ya zama siriri kamar zare, fatar gefe da laushi, tana ƙanshin man kaɗe na safiyar nan. Na danna da babban yatsa, bai motsa ba. Na juya na yi kamar ina gyara igiyar mangala har idona ya bushe.

Muka iso tunga bayan la'asar. Daga nesa na hango magidanta zaune a gindin durumi, Sahabi a tsakiya. Akwai 'yar hanya ta bayan gari da ke kai wa gidanmu kai tsaye, Mas'udu ya karkata zai bi ta. Ya sunkuya zai mayar da takalmi.

Na ce, "Bar su a wuya. Ta gaban durumi za mu bi."

"Baba, ƙasar da zafi."

"Ka taka fasasshen dutse wata da watanni, wannan ba ta kashe ka. Wuce gaba."

Ya wuce. Hira ta tsaya. Na ga idanu sun sauka ƙasa suna bin sawunsa, na Sahabi ma haka. Yaron ya ji kunya ya fara ɗaga ƙafa da sauri.

Na ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji. "A hankali, Mas'udu. Ba kora ake yi muna ba."